Injiniya Ɗan Azumi Ya Wanke Gawayi

Mutanen Rijiyar Kalgo sun saba ganin baƙi iri-iri, don garinsu yana bakin gudro, wato titin kwalta, wanda ya taso daga Agadas ya ratsa Tanut ya gangara Damagaram. Amma ba su taɓa ganin mutum ya sauko daga kan buhunan albasa sanye da hular kwano rawaya da riga mai ƙyalli ba, sai ranar da Ɗan Azumi ya dawo daga arewa. Ya diro, ya kakkaɓe jiki, ya dubi masu shayi da masu tsire ɗaya bayan ɗaya, ya ce daga yau kada wanda ya ƙara kiran sunansa gatsau. A sa Injiniya a gaba.

Ba ƙarya ya yi duka ba. Ya je garin da ake haƙar gawayin ƙasa, can bayan Agadas, kuma ya yi aiki a ɗakin da ake gwada ingancin gawayin. Sai dai aikin nasa shara ne da wanke kofunan shayi. Yana shara yana satar kallon masu fararen riguna suna daka, suna awo, suna ƙonawa. Iyakar karatun ke nan. Amma da labarin ya shiga bakin Ɗan Azumi sai ya yi ƙiba.

"Ni fa in na shinshina gawayi, sai in gaya maka zurfin ramin da aka haƙo shi," in ji shi a ƙofar gidansa, majalisa ta kewaye shi. "Manya-manyan wurin ma ba sa shiga ɗaki sai sun leƙo sun ce, 'Ɗan Azumi, ka gama?'"

Daga bayan zana matarsa Raishatu ta ce, "Sharar suke tambaya."

Ya yi kamar bai ji ba, ya gyara zaman hularsa. Hular nan ba ta barin kansa sai wajen alwala.

A lokacin, itacen girki ya zama abin kuka a ƙasar Damargu, inda garin yake. Mata sai su yi nisa kafin su haɗa ɗauri guda, ga ma'aikatan gandun daji sun hana sara. Sai wani furoje, wato shirin tallafa wa karkara, ya ba ƙungiyar matan garin murhunan ƙarfe masu aiki da gawayin ƙasa. Shugabar ƙungiyar ita ce Gwaggo Kadi, ƙanwar mahaifin Ɗan Azumi, mace mai murya kamar ganga. Aka sa ranar kasuwa mai zuwa za a yi girkin gwaji a gaban maigari, aka gayyato mata daga Gangara da Ollelewa. Wata ma'aikaciya daga Damagaram, Madam Zuhaira, ita za ta zo da gawayin da ya dace. In girki ya yi kyau, za a buɗe rumfar sayar da gawayin a garin, a ɗauki mutum ɗaya mai kula da ita.

Tun da Ɗan Azumi ya ji zancen rumfar nan barci ya ƙaurace masa. Ana cikin haka sai wata babbar mota ta lalace daidai bakin kasuwa, shaƙe da baƙin gawayi. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Ya ruga wurin Gwaggo Kadi. "Gwaggo, ba a fafe gora ranar tafiya. In Madam ɗin nan ta makara fa? Ki tara matan garuruwa su zauna suna kallon tukunya ba wuta? Ga gawayi Allah ya kawo har ƙofar gida, ga kuma injiniya a cikin zuri'arki."

"Ta ce kada a sa kowane gawayi a murhun sai wanda aka gwada."

"To ni me nake yi a duniya? Gwajin ai shi ne sana'ata."

Gwaggo Kadi ta dube shi daga hula har silifa. Kunya a gaban matan Gangara ita ce abin da take tsoro fiye da mutuwa. Ta ce, "Je ka gwada. Amma in ka zubar min da mutunci, muciya ce za ta raba mu."

Direban motar, wani siriri mai suna Sabi'u, yana kwance ƙarƙashinta yana jiran a aiko masa da ƙarfen da ya karye, sai ya ga ƙafafu sun taru. Ya leƙo. Ɗan Azumi ya riga ya haye saman kaya da kwandon wanki a hannu.

"Jama'a, ku buɗe ido," in ji shi daga sama. "Wannan shi ake kira eshantiyo. Wato ɗan abin da ake ɗiba a gwada, ya tsaya a madadin sauran. Jahili sai ya ɗiba wuri ɗaya. Mai ilimi kuwa sai ya ɗiba sama, ya ɗiba tsakiya, ya ɗiba ƙasa."

Sabi'u ya ce, "Malam, ai wannan kayan..."

"Injiniya."

"Injiniya, ai wannan kayan ba na..."

"Kai direba ne ko? To riƙe sitiyarinka. Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Ya zaɓi manya masu sheƙi daga sama ya jefa a kwando. Ya tona rami da hannu ya ciro na tsakiya. Saura na ƙasa. Ya sauko, ya zagaya bayan motar, ya tsaya yana nazarin ƙofar bodi kamar likita a gaban maras lafiya. Sabi'u ya yi ihu, "Kada ka zare wannan ƙarfen!" Kafin ya rufe baki an zare.

Ƙofa ta wangale. Gawayi ya zubo ruuu kamar an ɓalle madatsar ruwa. Da ƙura ta lafa, babu Ɗan Azumi, babu kwando, sai hula rawaya a kan tsibi kamar an ɗora ƙwarya a kan kabari. Aka yi salati, aka sa hannu aka tono shi. Ya fito baƙi ƙirin, idanu da haƙora kaɗai ke haske. Ya tofar da wani ɗan dutse, ya ce, "Madalla. Na ƙasan ya samu. Haka ake yi."

Sabi'u ya ɗora hannu a ka yana kallon kayan mutane a warwatse a hanya. Da ya ga motoci sun fara tsayawa suna oda, ya ce gawayin da ya toshe gudro a kwashe, ko ina za a kai shi a kai. Ɗan Azumi ya ce ai dama.

Raishatu tana rijiya lokacin da ya shigo gida da kwandonsa. Ya jawo turminta, ya zuba, ya daka har ya yi laushi. Ya juye a tabarma, ya tara shi tsibi, ya raba huɗu, ya zubar da kashi biyu a gindin zana, kamar yadda ya ga ana yi. Ya goge turmin da gefen rigarsa ya mayar wurinsa. Da yamma aka kawo tuwo. Ya buɗe kwano ya tsaya.

"Wannan fa?"

"Tuwon injiniyoyi," in ji Raishatu. "Gero fari na zuba a turmi, abin da ya fito ke nan. Ci, ka gaya min zurfin ramin da aka haƙo shi."

Ya kai loma, ƙasa ta yi ƙaras a haƙoransa. Ya haɗiye da ƙyar, ya ce gawayi ai maganin ciki ne, Turawa ma saye suke yi.

Washegari ya aro ma'aunin mai nama. Ya auna garin gawayinsa a gaban maƙwabta, ya zuba a kasko, ya tula masa garwashi, ya yi ta fifita. Wani hayaƙi rawaya ya taso mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kaji suka tsallake zana. Wata tsohuwa ta maƙwabta ta leƙo tana tambaya ko jaki ne ya mutu. Da wuta ta mutu ya sake ɗora abin da ya rage a ma'auni. Kusan yadda ya shiga haka ya fito.

Ɗan Azumi ya yi tsalle. "Allahu akbar! Kun gani? Wuta ta ci, ta ci, ta gaji, bai ragu ba! Gawayin da ba ya ƙarewa! Wannan ko a can ban taɓa ganin irinsa ba."

"To warin fa?" in ji Raishatu, ta toshe hanci da mayafi.

"Datti ne. Ke ba ki san duniya ta ci gaba ba? Yanzu gawayi mai tsabta ake yayi. Wanke shi ake yi. Da kunnena na ji."

Ya ɗaura wa jaki amalanke, ya cika ta da gawayi, ya sayi omo da sabulun wanki, ya nufi rijiyar bayan gari inda akwai dogon komin siminti da ake shayar da dabbobi. Da rana tsaka ce, ba kowa. Komin cike yake da ruwan da wani ya sha wahalar ja tun safe. Ya juye gawayin a ciki. Ya tuna ya taɓa jin ana cewa wajen wanki mai kyau yakan taso sama, dutse ya nutse. Ya tsaya yana jira. Ko ɗaya bai taso ba.

"Duka masu nauyi ne," ya gaya wa jakin. "Babu na banza a ciki."

Ya zazzage omo, ya naɗe wando, ya shiga yana tattakawa yana waƙa. Kumfa ta tashi baƙa har gwiwa.

Mai ruwan kuwa wani Bafillace ne makiyayi, Umaru, da ya taso daga wajen Belbeji da raguna farare tas zai kai kasuwa. Shi ya ja ruwan, ya koma ya koro dabbobinsa daga inuwa. Raguna da suka ji ƙanshin ruwa ba su tsaya tambaya ba. Suka rugo, suka afka komi, suka ture Injiniya ya zauna daɓas a cikin kumfa. Suka tsoma baki, suka ji sabulu, suka yi ta atishawa suna turereniya suna birgima. Kafin Umaru ya iso, garken ya koma wani iri: wannan baƙin kai, wancan baƙin ciki, wani kamar an yi masa zane da tawada.

Umaru ya tsaya, sanda a kafaɗa. Ya dubi raguna, ya dubi mutumin da ke cikin komi.

"Kai Kaɗo, raguna farare na bari. Waɗannan na wane ne?"

"Naka ne. Kwantar da hankalinka, aikin gwamnati ake yi."

"Gwamnati ce ta ce ka yi wanka a ruwana da dutse?"

"Ba dutse ba ne, gawayi ne. Wanke shi nake."

Umaru ya sauke sandar a hankali. "Na yi yawo har Agadas. Na ga mai wanke raƙumi, na ga mai wanke gawa. Mai wanke gawayi don ya yi fari, yau na fara gani. Fito in ga ko kai ma za ka wanku."

Ɗan Azumi ya fito, amma ta ɗaya gefen. Allah ya taimake shi masu ɗiban ruwa suka iso suka shiga tsakani. Umaru ya rantse ba zai bar garin ba sai ya kai ƙara gaban maigari ranar kasuwa, da ragunan a matsayin shaidu. Shi kuwa Injiniya ya kwashe jiƙaƙƙen gawayinsa ya kai wa Gwaggo Kadi, ya ce an gwada, an wanke, ya fi na kowa.

Ranar kasuwa gari ya cika. Aka jera murhuna a filin gaban rumfuna, aka ɗora manyan tukwane na shinkafa da wake. Matan Gangara da na Ollelewa suka zauna a tabarmi cikin ado, suna kallon komai da idon neman aibi. Maigari ya zo cikin farar babbar riga, aka ba shi kujera a gaba. Umaru ya ɗaure shaidunsa a gindin bishiya yana jiran a gama. Aka yi hayar lasifika. Madam Zuhaira kuwa shiru. Can ta bugo waya ta ce tayarsu ta fashe a hanya, a ɗan jira.

Rana ta take. Wata daga matan Gangara ta ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Ko girkin na zamani da rana ake dafa shi?"

Gwaggo Kadi ta ciji leɓe. Ta juya ta ce, "Ɗan Azumi, kunna."

Ai kamar an ce da kare ga nama. Ya cika murhuna da gawayinsa, ya karɓi lasifika. "Jama'ar Damargu! Yau za ku ga abin da ba ku taɓa gani ba!"

Ya ƙyasta ashana. Jiƙaƙƙen gawayi ya ƙi. Ya ƙara, ya ƙi. Ya tura ciyawa, ya tuttula kananzir, ya sa mata suka kama fifita. Can wuta ta kama, hayaƙi ya fara fitowa, da fari siriri, sannan ya murtuke rawaya, ya kwanta ƙasa-ƙasa ya nufi kujerar maigari kamar an aike shi.

"Wannan na farko ne," in ji Ɗan Azumi a lasifika. "Gaisuwa ce. Yanzu zai... zai..." Tari ya sarƙe shi. Lasifika ta ɗauki tarin ta watsa har bakin gudro. Maigari ya rufe fuska da hannun riga, yana so ya tashi yana jin nauyin jama'a. Matan Gangara suka fara kiran sunan Allah. Mai tsire ya kwashe namansa ya gudu.

Sai murhun farko ya ce tau! Wani dutse ya fashe ya yi sama. Na biyu ya amsa, tas! tas! Tsakuwa mai zafi ta riƙa tashi kamar ana suyar gurjiya. Wata ta faɗa cikin tukunya, wata ta huda tabarma, wata ta sami jakin mai ruwa a gindi. Jaki ya zabura da amalanke ya ratsa tsakiyar fili, ya tafi da tukunya guda. Ragunan Umaru suka tsinke igiya suka bi ta kan matan Ollelewa. Maigari ya manta da sarauta, ya tattare riga ya tsallake benci kamar saurayi.

"Kada kowa ya gudu!" in ji lasifika. "Ƙarfinsa ne yake nunawa! Wayyo!"

Wannan wayyo ɗin na gaske ne. Wata tsakuwa ja wur ta faɗa masa ta wuyan riga ta gangara baya. Ya jefar da lasifika, ya yi rawar da ba a taɓa gani a Damargu ba, ya hango duron ruwan girki, ya afka ciki har wuya.

Daidai nan motar furoje ta tsaya. Madam Zuhaira ta fito, doguwa mai tabarau, ta toshe hanci. Ta sa aka kashe wutar da yashi. Ta ɗauki gawayi guda daga tsibi, ta buga a dutse, ya rabe falle-falle, cikinsa toka-toka.

"Wa ya ce a sa wannan a murhu?"

Duk yatsun kasuwa suka nuna duro. Hula rawaya ta ɗago a hankali.

"Injiniya Ɗan Azumi," in ji shi. "Mun gaisa, abokiyar aiki."

"Kai ka gwada shi?"

"Ƙwarai. Sama, tsakiya, ƙasa. Na daka, na raba huɗu, na auna, na ƙona."

"To ba laifi. Tokar da ta rage fa?"

"Kusan duka! Ko kaɗan bai ragu ba," ya faɗa da alfahari.

Madam ta cire tabarau ta goge ido, ba a san ko hayaƙi ne ko dariya ba. "Malam, abin da ya ƙone shi ne gawayi. Abin da ya rage dutse ne. Gwajinka ya gaya maka gaskiya, kai ne ka karanta ta a juye. Kallon kitse ka yi wa rogo. Ɗan gawayin da ke ciki ma ɗanye ne. Wanda ake girki da shi sai an gasa shi a rufe, hayaƙin da warin sun fita, kafin ya shiga gidan mutane. Da a cikin ɗaki kuka kunna wannan, da yanzu makoki ake. Kuma wa ya jiƙa shi?"

"Wanke shi na yi. Da omo."

Kasuwa ta fashe da dariya. Sabi'u direba ya kutso, hannu duk baƙin mai. "Madam, gawayin nan na tanderun gasa bulo ne, can kudu zan kai. Tun ranar farko nake buɗe baki yana rufe min!"

Gwaggo Kadi ta miƙe. Muciya kawai ta ɗauka ta nufi duro. Ɗan Azumi ya nutse, hula ta rage tana yawo a kan ruwa. Da ƙyar maigari, wanda rigarsa ta koma kalar kunun kanwa, ya roƙe ta ta bari. Ya yanke hukunci nan take: Ɗan Azumi zai wanke ragunan Umaru ɗaya bayan ɗaya, ya wanke komi, ya ja ruwa ya cika shi, sannan ya mayar wa Sabi'u kayansa cikin mota da kwando.

Madam ta sa aka sauke nata buhunan. Aka kunna, wuta ta kama ja, ba hayaƙi ba wari. Aka sake ɗora tukwane. Da la'asar matan Gangara suka ci har suka nemi ƙari, Gwaggo Kadi ta dawo da muryarta. Rumfar kuwa Raishatu aka ba, don Gwaggo ta ce tana son wanda in bai sani ba zai tambaya.

Madam tana shirin shiga mota sai ta tsaya, ta dubi Ɗan Azumi yana ɗiga ruwa a gefe. Ta ce ta daɗe tana yawo garuruwa tana yi wa mata bayanin bambancin ɗanyen gawayi da gasasshe, ba ta taɓa ganin an fahimta kamar yau ba. Ko zai riƙa binsu kasuwanni, ya kunna nasa ɗan kaɗan can nesa da mutane, ita ta kunna nata, mata su gani da idonsu?

Ɗan Azumi ya gyara hula. Ya ce zai duba, don ayyuka sun yi masa yawa.

Kafin magariba duk garin ya ji daga bakinsa cewa furoje ya roƙe shi ya karɓi babban muƙami, kuma Madam da kanta ba ta isa ta ƙyasta ashana ba sai shi ya fara kunna tasa wutar. Wannan karon ko Raishatu ba ta iya ƙaryata shi ba. Shi ya sa har yau, in ana cin kasuwa a wani gari na Damargu aka hango hayaƙi rawaya ya tashi daga bayan fili, ba wanda ke firgita. Sai mata su ja mayafi su rufe hanci, su ce Injiniya ya kama aiki, a koma ta inda iska ke fitowa.